Hawainiyar Iya Ba Ta Shiga Gida Ba

A gidanmu na Salaga, in ƙaurin fatar tumatir ya tashi bayan sallar magariba, kowa ya san hawainiya za ta yi tafiya. Ba sai an kira mu ba. Ni da ƙanena Mudi mukan jawo tabarma har bakin murhu, mu matsa kusa da wuta kamar gwiwoyinmu ma gasa su za a yi. Shekarata takwas a lokacin, Mudi biyar, kuma a cikinmu babu wanda ya san abin da ake yi da shi.

Iya ce mai tatsuniyar. Kakarmu ce, mahaifiyar Baba, jikar fataken goron da suka zo Salaga da jakuna. 'Yar mitsitsiyar tsohuwa ce, in ta tsuguna gaban murhu tukunya kan leƙo ta ta sama. Amma in ta kira sunanka a tsakar gida, har masu ɗiban ruwa a rijiyoyin bayan gari sukan amsa. Ni sunana Zainabu, sai dai ban taɓa jin sa a bakinta ba. Aku take ce mini, wai tun ranar suna nake surutu, har liman ya rasa inda zai saka addu'a.

A lokacin tumatir baƙo ne a unguwarmu. Wani ɗan dako ne ya kawo wa Iya irinsa daga Kumasi, ƙulle a tsumma, ta shuka a bayan rijiya kusa da daidoyarta, ganyen nan mai ƙamshi da take hana kowa taɓawa. Ya yi 'ya'ya ƙanana kamar ƙwan zabuwa. Maƙwabta suka ce gautan Turawa ne, kuma duk abin da ya yi ja haka ba a sa masa lalle ba, to, akwai magana a cikinsa. Ranar da suka ɗanɗana miyar, maganar ta mutu. Innarmu ta taɓa roƙon Iya ta koya mata. Iya ta ce, "Ki zauna ki ji tatsuniya." Inna ta ɗauka an mayar da ita yarinya ne, ta yi fushin kwana biyu, ba ta sake tambaya ba.

Tatsuniyoyin Iya suna da yawa, kowacce da kanta da wutsiyarta. Ta hawainiya ce kaɗai ba ta da wutsiya, ita ce kuma ba a yin ta sai ranar miyar tumatir. Iya takan baje garwashi, ta jera tumatir a kai, da albasa biyu da ɓawonsu, da tafarnuwa, da barkono. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata tana tafe."

Mu ce, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa."

Wai hawainiya ce ta yi aure a Salaga, uwarta tana can Bawku. Rannan aka aiko cewa uwar tana nemanta. Ta ɗaura jan zanenta ta kama hanya. Kun san tafiyar hawainiya: ta ɗaga ƙafa, ta yi shawara da ita, ta duba gabas da ido ɗaya, yamma da ɗayan, sannan ta ajiye. Ga ta kuma da ladabi. Duk wanda ta gamu da shi sai ta gaishe shi, daga kunkuru har tururuwa, kuma Iya ba ta tsallake gaisuwa ko ɗaya. Ina wuni, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya wanda ya yi tari bara. Ita ce mai gaisuwa, ita ce mai amsawa. Da hawainiya ta kai Bimbila, rana ta gasa mata gefe ɗaya, sai ta juya mata ɗaya gefen.

"Mudi, cire yatsa daga hanci!"

Mudi ya cire. Aka ci gaba da gaishe-gaishe har Yendi. A Yendi hawainiya ta bi ta unguwar maƙera, hayaƙi ya mayar da jan zanenta baƙi ƙirin. Daidai nan Iya takan kwashe kayan da ke kan garwashi ta zuba a ƙwarya, ta miƙe da ɗingishinta ta kori akuya. "Kai! Tafi can, marar kunya!" Har zaure take bin ta, ta tsaya ta faɗa mata asalinta da na uwarta, sannan ta dawo. Hawainiya, wai kunya ta kama ta, ta tuɓe baƙin zanen, ashe akwai wani ja a ƙarƙashi. Daga nan ta hau dutsen Gambaga da jan gwiwa, gurr, gurr, Iya na tari sau uku a kan hanya. Ta gangaro ta tarar da babban kogi, mai jirgi kuwa ya tafi cin abinci. Sai ta zauna jira.

Mu ma sai mu zauna jira. Iya takan fasa goro, ta jefa rabi a baki, ta yi shiru. Shiru fa na gaske, ba abin da kake ji sai tukunya na ɓararraka.

"Iya, sai me?"

Ko kallona ba ta yi. In na dame ta, ta nuna mini hanyar kogi da haɓa, wato mai jirgi bai dawo ba. Sai goron ya ƙare tas mai jirgi ke dawowa. Hawainiya ta haye, ta isa Bawku, ta tsaya a ƙofar gidan uwarta. Wani ƙamshi ya fito daga ciki ya dake ta. Ta ɗaga hannu za ta yi sallama.

"Ku kawo akushi."

"Iya, to, ta shiga?"

"Wa?"

"Hawainiyar mana!"

"Ke 'yar uwarta ce? Miƙo akushin nan kafin Mudi ya cinye shi haka nan."

Haka muka yi shekara huɗu. Abubuwa uku suka hana ni sakat. Na farko, hancin Mudi. Na sa masa ido, na ga ko hannuwansa biyu suna ƙarƙashin cinyarsa, da an kai Bimbila sai an ce ya cire yatsa. Akwai ranar da ya tafi aski da Baba, Iya ta daka wa tabarma tsawa. Na biyu, akuyar. An yanka ta da Babbar Sallah, ni da kaina na ci kunnenta, amma ranar miyar da ta biyo baya Iya ta kore ta har zaure. Na ce, "Iya, ai mun cinye ta." Ta ce, "Shi ya sa ta ƙara rashin kunya." Na uku, ƙofar nan. Mutum ya taso tun daga Salaga, ya gaishe da tururuwa dubu, ya ƙone, ya tuɓe, ya hau dutse, sannan a bar shi a tsaye da hannu a sama? Na tambayi Baba, ya ce shi ma tun yana yaro a nan ake tsayawa. Na tambayi Inna, ta ce ita ba a koya mata ba, kada in dame ta. Na yanke wa kaina hukunci cewa tsufa ne, Iya ta manta ƙarshen, tana jin kunyar faɗa.

Ina da shekara goma sha biyu cinikin shanun Baba ya koma Bawku, muka tashi gaba ɗaya. A lori muka yi tafiyar, Iya rungume da fasasshiyar tukunya da ta dasa daidoyarta a ciki. Da muka tsaya a Yendi na yi ta leƙe ko zan ga maƙeran da suka ɓata wa hawainiya zane. Na ga maƙera, amma ba su yi kama da masu laifi ba.

Ƙarshen damina Iya ta kwanta. Zazzaɓin ya yi kwanaki ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. Aka kawo koko, ta kau da kai. Aka dama fura, ta ce a ba Mudi. Baba ya sa aka yanka zabuwa aka yi romo, ta shaƙa ta ce a fitar. Kwana shida ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Dama can ba ta da jiki, yanzu kuwa in ta kwanta sai ka laluba bargo kafin ka same ta. Baba ya daina zuwa kara, ya zauna a ƙofar ɗakinta yana jan carbi. Ban taɓa ganin Baba a gida ranar kasuwa ba sai lokacin, kuma abin ya fi ba ni tsoro a kan komai.

Rana ta bakwai ta buɗe baki ta ce, "Miyar hawainiya."

Tumatir kuwa ya ƙare a gari. Maƙwabciyarmu Mama Lariba, Bakusasiya, 'yar ƙabilar yankin, mai lambu a bakin rafi, ta tsinko mana ragowar nata, ƙwarya guda ba ta cika ba. Ta ce da gurguwar Hausarta, "Shi ke nan fa, sai wani shekara." Inna ta ɗebi kashi ɗaya ta dafa yadda ta iya, a ruwa, da daddawa. Iya ta shaƙa, ta juya fuska ga bango.

Na shiga na durƙusa kusa da ita. "Iya, yaya ake yin ta?"

"Kin ji sau ɗari."

"Wallahi ban taɓa ji ba."

"To, kunnen nan naki na ado ne."

Baba ya girgiza kai, ya ce zafin ciwo ne ke magana. Na fito na zauna ina kallon ragowar tumatir, shi ma yana kallona. Sai Mudi, wanda tunaninsa bai taɓa wuce cikinsa da kunnensa ba, ya ce, "In an yi miyar, wa zai yi mana tatsuniyar?"

Na buɗe baki zan ce masa ya rufa mini baki, sai na ga hannun Iya a idona. Da hawainiya ta juya gefe a Bimbila, me hannun ke yi? Juya tumatir. Da ta tuɓe baƙin zane? Ɓare ƙonanniyar fata. Gurr, gurr na dutsen Gambaga, ashe dutsen niƙa ne. Kogin kuwa tukunya ce. Shekara huɗu ana koya mini miya ina neman wutsiyar hawainiya!

Na yi tsalle na ce, "Ga wata tana ta..." Inna ta toshe mini baki da tafin hannu. "Tatsuniya da rana tsaka? So kike ki ɓace a kasuwa? Ga tsohuwa a kwance, ga ki a ɓace, da wanne zan ji?" Na yi bayani, ba ta gane ba, don ni ma rabi na gane. Abin da aka yarda da shi dai shi ne sai rana ta faɗi. Wato gwaji ɗaya a yini. Na raba tumatir kashi uku.

Yammacin farko na baje garwashi, na zaunar da Mudi, na fara. To, ni Aku ce. Hawainiyata ba ta shawara da ƙafa. Ta yi wa kunkuru "sannu", ta tsallake tururuwa, kafin Mudi ya gyara zama tana Yendi, kafin ya yi hamma tana Bawku. Tumatir ko ɗumi bai gama yi ba. Fatar ta ƙi fita, na niƙa da ita. Miyar ta fito ɗanya, da tsamin da ya sa Mudi ya rufe ido ɗaya har washegari. Ba mu ma kai wa Iya ba.

Yammaci na biyu na ce, to, sauri ne ya kashe ni, yau zan ja ta. Ban iya gaisuwa mai tsawo ba, amma na iya ƙari. Hawainiyata ta gamu da zaki a Bimbila ta mare shi. Ta shiga bikin 'yar sarkin maƙera a Yendi ta yi rawa har aka yi mata kari. Ta hau lori, direba ya ce ta biya, ta rikiɗe ta zama kalar kujera. Yaran maƙwabta suka cika gidan, har a kan katanga, suna dariya suna "sai me, sai me?" Ni kuwa kaina ya kumbura, na miƙe tsaye ina nuna yadda zakin ya faɗi. Mama Lariba ce ta leƙo ta katanga ta ce, "Yarinya, abinka ya mutu." Na duba. Ba ka bambance tumatir da gawayi. Albasar ma ta zama abin da za a iya rubutun allo da shi.

Sai wata 'yar murya ta fito daga ɗaki, siririya kamar zare.

"Aku."

"Na'am, Iya."

"Yaushe hawainiyata ta hau lori?"

Na zauna gaban toka na yi kukan da ban yi ba tun da ta kwanta. Kwana takwas ke nan ba ta ci ba, ni kuma na ƙona mata kashi guda don yara su yi mini dariya. Saura kashi ɗaya, tumatir tara, biyu ma sun fara laushi.

Yammaci na uku na kori yaran, na rufe ƙofa. Na ce tunda tawa ba ta yi ba, da sauri ko da ƙari, to, ta Iya zan yi, yadda take yi, ko da ban san dalili ba. Na tsuguna irin tsugunonta. Na shaƙe murya. Na gaishe da kunkuru, na tambayi matarsa, na tambayi wanda ya yi tari bara. Na gaishe da tururuwa ɗaya bayan ɗaya har bakina ya bushe. Da muka kai Bimbila na daka wa Mudi tsawa ya cire yatsa daga hanci.

Ya ce, "Ban sa ba!"

Na ce, "Na sani. Cire."

Na juya tumatir. Gefen da ke ƙasa ya yi baƙi daidai, fatar ta tsage, ruwa na tsartuwa a garwashi, ƙaurin Salaga ya cika gidan. A Yendi na kwashe a ƙwarya, na miƙe da ɗingishi, na bi akuyar da muka cinye shekara uku da suka wuce. "Kai! Tafi can, marar kunya!"

Inna ta fito daga ɗaki da muciya a hannu. "Zainabu! Tsohuwa na kwance rai a hannun Allah, ke kina kwaikwayon ɗingishinta? Yau sai na..."

"Ku bar ta," in ji muryar nan daga ɗaki. Muka tsaya cak, ni da ƙafa ɗaya a sama, Inna da muciya a sama. "Aku, akuyar nan ta fi haka taurin kai. Ki kai ta har zaure."

Na kai ta har zaure, na faɗa mata asalinta da na uwarta. Da na dawo na taɓa tumatir, ya huce daidai yadda yatsa zai iya riƙewa, fatar tana zamewa da kanta. Ashe aikin akuyar ke nan. Na niƙa a dutse da albasar da tafarnuwar da barkonon, na yi tari uku, a kowane tari na tattaro niƙan da ya gudu gefe. Na narka man kaɗe a tukunyar ƙasa, na juye, ta ce cuu, na sa gishiri da ludayi biyu na romon zabuwa. Hawainiya ta iso bakin kogi.

Nan ne na gane wuyar aikin. Baba ya miƙo mini rabin goro. Ban taɓa cin goro ba. Ɗaci ya tsaga mini harshe har ƙeya, hawaye na zuba, ga shi dole in yi shiru har ya ƙare. Ni, shiru! Maganganu suka taru a maƙogwarona suna turereniya. Na tuna labari bakwai masu daɗi. Mudi ya ce, "Sai me?" Na nuna masa kogi da haɓa. Ina jin rabin goron nan ya kai girman doya, kuma na yi shekara biyu ina tauna shi. Amma ina kallon tukunya, na ga ruwan yana ja da baya, miyar tana kauri, mai ya taso ja a gefe-gefe. Da na haɗiye na ƙarshe, mai jirgi ya dawo.

Hawainiya ta tsaya a ƙofa. Na tsinko daidoya daga fasasshiyar tukunyar Iya, na yayyaga da hannu na watsa, na sauke tukunya na rufe. Ta ɗaga hannu za ta yi sallama.

Na ce, "Ku kawo akushi."

Baba ya tallafo Iya ta zauna. Ta shaƙa. Ba ta juya ga bango ba. Ta kurɓa daga ludayi, ta riƙe a baki, mu huɗu mun daina numfashi.

"Gishirin nan ba na Daboya ba ne, irin wanda muke ci a Salaga."

"Iya, muna Bawku."

"Na ji a bakina." Ta sake kurɓa. Ta kuma. Sannan ta dubi Inna ta ce, "Haka za a ba ni ita tsirara? Babu ɗan tuwo a gidan nan?"

Inna ta fita da gudu har ta yi tuntuɓe da muciyarta. Baba ya tafi zaure yana fyace hanci, wai hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Da ta ci loma biyar na ga dama ta samu. Na ce, "Iya, yau dai na biya. Ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Ta suɗe yatsa. "Ni ma ban sani ba."

"Iya!"

"Kakata a nan take tsayawa. Ita da gauta take yi, tumatir bai zo ba. Na tambaye ta, ta ce tata kakar ma a nan take tsayawa. In kin tsaya jin ƙarshe, daidoya ta dahu ta yi baƙi, ƙamshin ya gudu. Ƙara mini miya."

Iya ta tashi daga wannan ciwon. Ta yi damina biyu tana zagin gishirin Bawku kafin Allah ya karɓi abarsa. Yanzu shekarata goma sha bakwai, ni ce mai miyar a gidanmu, kuma har yau ban san me tatsuniyar ke koyarwa ba. Inna ta ce haƙuri. Baba ya ce zumunci. Mudi ya ce zalunci ne kawai a kan hancinsa. Ni na taɓa gwada ƙarasa ta, na shigar da hawainiya gida, na sa uwarta ta rungume ta, har na yanka musu rago. Labarin ya yi daɗi, miyar ta yi warin ciyawa.

Da can haushi nake ji an bar ta a tsaye. Yanzu na fi son ta a wajen. In ta shiga, tafiya ta ƙare. Muddin tana ƙofa da hannu a sama, to, in tumatir ya nuna sai an sake tasowa daga Salaga, da gaisuwar, da tarin, da ɗingishin, kuma na ɗan lokacin nan Iya tana tsugune a gaban murhu, da bakina take magana. Jiya ma na yi. Mudi ya bi Baba Yendi da shanu, kwanansa huɗu ba ya gida. Da muka kai Bimbila na juya ga tabarmar da ba kowa a kai, na ce ya cire yatsa daga hanci. Inna tana tsintar shinkafa a gefe, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ya cire. Juya tumatir ɗinki."